Ina tsoron a sayar da gidana bayan raina

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne, shekaruna 58. Matata ta farko ta rasu shekara 12 da suka wuce, ta bar mini 'ya'ya biyar. Babbansu shi ma ya rasu shekara uku baya, ya bar yara biyu. Saura maza biyu da mata biyu, duk sun yi aure. Matar da muke tare yanzu tana da namiji ɗaya da mata biyu, babbansu shekararsa 10. Mahaifiyata tana raye. Abin da na mallaka shi ne gidan da muke ciki, da wani fili da ban gina ba, da kasuwancin da muke yi tare da ƙanena, sai ɗan abin da ke banki. Takardun gidan har yanzu sunan wanda ya sayar mini da filin suke ɗauke da shi, kuma lokacin ginin marigayiya ta sayar da gwala-gwalanta ta taimaka mini. Kwanan nan likita ya ce ina da hawan jini da ciwon suga, tun daga ranar ba na barci sosai. Manyan 'ya'yana ba sa jituwa da matar ubansu, kuma na taɓa ganin yadda magada suka sayar da gida, uwa da ƙananan yara suka koma haya. Wani ya ce in rubuta gidan da sunan ƙananan a ɓoye. Wani kuma ya ce in sa shi a abin da lauyoyi ke kira "tirost", wai ba mai iya taɓa shi. Ba na son in zalunci kowa, ba na kuma son yarana su tagayyara. Me ya kamata in yi?

Wani magidanci

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ka lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ka fara da kwantar da hankalinka game da jikinka: mutane da yawa suna shekaru masu tsawo da waɗannan cututtuka biyu idan suna shan magani suna bin dokar likita. Wannan ya shafi tambayarka kai tsaye, domin malaman fiƙihu sun bambanta mai ciwon da yake yawo da shi yana harkokinsa da wanda ciwon ajali ya kwantar. Na farkon yana da ikon kyauta da sayarwa da wakafi a dukiyarsa. Na biyun kuwa, duk abin da ya bayar kyauta ana ɗaukarsa tamkar wasiyya ne, ba ya wuce kashi ɗaya bisa uku, kuma ba ya zartuwa ga magaji sai da yardar sauran. Kai yanzu kana cikin na farko, don haka kusan duk abin da zan faɗa aikin wannan lokacin ne, ba a fafe gora ranar tafiya.

Tunda ka sallama da sallamar Musulunci kuma kana tsoron haƙƙi, da ma'aunin shari'a zan auna maganar, sannan in nuna inda dokar ƙasa ke shigowa. Bari mu fara da lissafi, domin tsoro yakan ragu idan mutum ya ga lambobi. Da za a ce yau ne, bayan an fitar da abin da ke kan jingina, da kuɗin jana'iza, da basussuka, da wasiyya, abin da ya rage za a kasa shi 240. Matarka tana da tumuni, ɗaya bisa takwas, wato 30. Mahaifiyarka tana da sudusi, ɗaya bisa shida, wato 40. Saura 170 na 'ya'ya bakwai ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu kamar yadda aya ta 11 ta Suratun Nisa'i ta tsara: kowane namiji 34, kowace mace 17. Idan ka haɗa rabon matarka da na 'ya'yanta uku ka sami 98. Manyan 'ya'yanka huɗu suna da 102. Jikokinka marayu ba su da komai ta wannan hanya, domin 'ya'yanka maza sun katange su.

Ka dubi wannan 40 ta mahaifiyarka da kyau, don mutane kan manta da ita. Idan ka riga ta, wannan kaso ya zama nata, ranar da ita ma ta rasu kuma ya koma hannun nata magadan, wato 'yan'uwanka. Ta haka ne baffanni da gwaggwanni ke samun ƙafa a gidan da ba su taɓa kwana a ciki ba, kuma da haƙƙinsu. Duk shekarar da aka ƙara ba a raba gado ba, masu haƙƙi a cikinsa ƙaruwa suke yi.

Kafin ka yi tunanin wa za ka ba gidan, sai ka tabbatar gaba ɗayansa naka ne, kuma wasiƙarka ta sa ni shakka a kan haka. Gwala-gwalan marigayiya, da wane suna suka shiga ginin? Idan kyauta ta yi maka da bakinta, magana ta ƙare. Idan rance ne, bashi ne a wuyanka, ya zama cikin gadonta. Idan kuwa kun yi ne a kan cewa gidan naku ne tare, tana da kaso a jikin ginin. A hali na biyu da na uku, kai rubu'in abin da ta bari kawai ka gada. Ragowar ta 'ya'yanta ce, da iyayenta idan suna raye lokacin da ta rasu. Kuma tunda babban ɗanka ya rasu bayanta, ya riga ya gaje ta, rabonsa ya gangara ga nasa magadan, ciki har da marayun nan biyu. Ina kyautata zaton cewa wani ɓangare na rashin jituwar gidanka daga nan ya samo asali, ko da ba wanda ya furta. Yaran da suka ga uwarsu ta cire abin wuyanta aka yi rufi, sannan suka ga wata mace a ƙarƙashin wannan rufin, ba lallai ba ne ƙiyayya ke damunsu. Ka zauna da malami masanin fara'ila, wato ilimin rabon gado, ka faɗa masa yadda aka yi ba ragi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A ƙiyasta abin da ke kanka, ka biya su yanzu da hannunka, a rubuta, su sa hannu gaban shaidu. Haka nan ka tambayi matarka ta yanzu ko akwai kuɗinta a gidan ko a kasuwancin, ko sauran sadaki. Duk abin da ya tabbata nata ne, a rubuta shi bashi, domin bashi yana fita kafin rabo.

Takardun gida kuwa, ka mai da su sunanka a hukumar da ke rajistar filaye tun mai sayarwar yana raye kuma ana iya samunsa. Idan ya rasu, magadansa za ka bi ɗaya bayan ɗaya. Ba kyauta, ba wakafi, ba amanar lauya da za ta tsaya a kan kadarar da rajista ke cewa ta wani ce.

Shawarar rubuta gida da sunan ƙananan a ɓoye, ina roƙonka ka bar ta, kuma ba don tsoron Allah kaɗai ba, har don ba za ta yi aiki ba. Kyauta ba ta cika sai da karɓa, wato abin ya fita daga hannun mai bayarwa tun yana da rai da lafiya. Imam Malik ya ruwaito cewa Sayyidina Abubakar ya ba Nana A'isha kyautar awo 20 na ma'aunin da ake kira wasaƙi daga amfanin gonarsa, ba ta riga ta girbe ba har ciwon ajali ya zo masa, sai ya gaya mata cewa da ta karɓa da ya zama nata, amma yanzu dukiyar magada ce. Gaskiya ne uba yana iya karɓa a madadin ƙaramin ɗansa idan ya kafa shaidu, amma malaman Malikiyya sun ware gidan da uban yake zaune a ciki: sai ya tashi daga cikinsa, idan kuma ya komo kafin shekara ta cika ya zauna har ya rasu, kyautar ta rushe. Haka suka ce game da miji da ya yi wa matarsa kyautar gidan da suke zaune tare: zamanta a ciki ba karɓa ba ne, tunda dama wajibinsa ne ya ba ta masauki. Ka ga ke nan takardar da za ka ɓoye a akwati, ranar da aka fito da ita manyan 'ya'yanka suna da hujja mai ƙarfi ta rushe ta. Abin da za ka bar wa matarka shi ne shari'a ta shekaru da 'ya'yan mijinta, ana zarginta da abin da wataƙila ba ta ma san da shi ba.

Ga kuma adalci. Lokacin da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya ware shi da kyauta ya nemi Manzon Allah (SAW) ya shaida, sai ya tambaye shi ko duk 'ya'yansa ya yi wa haka, da ya ce a'a, ya ƙi shaida, ya umarci a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Wannan bai hana ka komai ba idan daidaitawa kake yi. Ciyarwa da kuɗin makaranta da magani nauyi ne na uba, ba a lissafa su kyauta. Amma idan ka taɓa ba manyan jari ko fili ko mota, to ba ƙananan kwatankwacinsa adalci ne, kuma filin nan da ba ka gina ba ya fi gida sauƙin kyautarwa, tunda ba ka zaune a cikinsa. A rubuta takardar kyauta, a kafa shaidu adalai biyu, a canja rajista, kuma kowa ya sani.

Yanzu ga tirost ɗin da aka yi maka talla. Tsari ne da ya taso a kotunan Ingila, ya bazu zuwa ƙasashen da suka gaji dokarta. Da Hausa amanar dukiya ce kawai. Mai dukiya yana miƙa mallakar kadara ga amintattu, su riƙe ta da sunansu, amma ba don kansu ba, don waɗanda aka ambata su ci moriya, bisa sharuɗɗan da aka rubuta. Kotu ba ta yarda da ita sai abu uku sun fito fili: niyyar kafa ta, ainihin kadarar da aka sa, da waɗanda za su amfana. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a biya lauya ya rubuta takarda mai kyau, amma a manta a mai da rajistar gidan sunan amintattun. Irin wannan amanar fanko ce, gidan yana nan cikin gado kamar ba a yi komai ba.

Iri biyu ce, kuma wanda ya ba ka shawara ya cakuɗa su. Akwai wadda mai ita ke iya warwarewa duk ranar da ya so. Ta shahara a Amurka saboda tana rage wa iyali zirga-zirgar kotu kafin su sami izinin taɓa dukiyar mamaci, kuma tana ba da damar wani ya ci gaba da kula da kadara idan mai ita ya tsufa ko hankalinsa ya gushe. Amma ba ta kare gida daga masu bin bashi, kuma a ma'aunin shari'a, abin da kake da ikon karɓewa gobe bai fita daga mallakarka ba, gado ne, sai an raba shi bisa fara'ila. Akwai kuma wadda ba ta warwaruwa. Ita ce ke ba da kariyar da ake magana, amma farashinta shi ne gidan ya daina zama naka da gaske. Ba za ka sayar ba, ba za ka jinginar ba, ko da ciwo ya ci kuɗinka ko aure ya lalace. Sannan idan an kafa ta don a guje wa bashin da ke kan mutum, kotu na rushe ta. A Ingila tun 1571 akwai doka a kan haka. Tana kuma da ɗawainiya ta kowace shekara: ladan amintattu idan kamfani ne, lissafi, haraji. Ga iyalin da gida ɗaya ne mafi yawan dukiyarsu, wannan ɗawainiyar kan cinye amfanin. Ba kowace ƙasa ce ma ta san ta ba. Faransa sai a 2007 ta shigar da wani tsari mai kama da ita, kuma ta hana amfani da shi wajen yin kyauta. Tunda dokar wurin da fili yake ita ke hukunci a kansa, lauyan da ya san dokar gado ta inda gidanka yake shi za ka tambaya.

Ba ina cewa ba ta da amfani a gare ka ba. Tana da shi, amma a wani wuri dabam: riƙon rabon ƙananan yara bayan an raba. Yaro ɗan shekara 10 ba ya sa hannu a takarda, dole wani ya riƙe masa. Aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta ce a riƙe dukiyar marayu har su balaga a ga shiriyarsu, sannan a miƙa musu gaban shaidu. Amanar da aka rubuta da kyau tana yin wannan aikin. Ta ambaci amintattu biyu, ta ce ba a cire kuɗi sai da sa hannunsu duka, ta fayyace abin da za a kashe a kai, kamar karatu, lafiya da gyaran gida, ta wajabta lissafi a rubuce sau ɗaya a shekara, ta faɗi wanda zai maye gurbin amintaccen da ya rasu ko ya ci amana, ta kuma hana sayar da kason yara a gidan sai da izinin kotu.

Musulunci yana da nasa tsarin da ya girmi wannan, wato wakafi. Sayyidina Umar ya tsare gonarsa ta Haibara, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gada, ana ciyar da amfaninta, daga baya ya damƙa kulawarta ga 'yarsa Hafsa. Ana yin wakafi a kan zuriya, kuma Malikiyya sun yarda a yi shi na wa'adi, misali shekara 15, sannan ya koma mallaka. Sai dai sharaɗin karɓa yana nan, ba za ka yi wakafin gida kana ci gaba da zama a ciki kamar da ba. Kuma wakafin da ba shi da kuɗin shiga yakan lalace, domin gida yana son gyara, wanda kuma ba shi da ikon sayarwa ba ya son kashe kuɗinsa a kai. Rigingimun da suka taru a kan wakafin iyali suna cikin abin da ya sa Masar ta soke shi a 1952. Idan za ka bi wannan hanya, ka haɗa gidan da abin da zai riƙa kawo kuɗin gyara, kuma kada ka fitar da 'ya'ya mata, malamai sun tsananta a kan haka.

To wasiyya fa? Iyakarta sulusi, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, kuma ba a yin ta ga magaji sai idan sauran magada sun zartar. Don haka rubuta "gidana na matata da ƙananan yarana ne" a wasiyya bai wuce roƙo ba. Inda wasiyyarka za ta yi aiki sosai shi ne kan jikokinka marayu. Su ba magada ba ne, ƙofa a buɗe take. Masar a 1946 ta mai da irin wannan wasiyya tilas a dokarta, wasu ƙasashe suka bi ta, amma kai kada ka dogara da hakan, ka rubuta da kanka. Ma'auni mai kyau shi ne kwatankwacin abin da ubansu zai samu da yana raye, muddin bai haura sulusi ba. Ka rubuta shi da kaso, kamar ɗaya bisa goma na dukiya, kada ka rubuta adadin kuɗi, don darajar kuɗi na sauka kafin a zo rabo. Wannan kason ma amintattu su riƙe shi.

Abin da zai hana a sayar da gidanka, Malam, a ganina ba takarda ba ce. Magada suna sayar da gida ne idan ba wata hanyar da kowa zai karɓi haƙƙinsa. Aikinka shi ne ka buɗe musu wannan hanyar. Ka ɗauko ƙwararren mai kimanta kadara ya yi wa gida da fili da kasonka na kasuwanci ƙima a rubuce. Mu ɗauka, don misali kawai, duka dukiyar 100 ce, gidan ya ci 60, ka yi wa jikoki wasiyya da 10. Saura 90, rabon matarka da 'ya'yanta a ciki kusan 37 ne. Giɓin da ke tsakaninsu da mallakar gidan kusan 23 ke nan, kuma shi ne ainihin matsalarka. Ana cike shi ta hanyoyi da dama. Duk abin da za ka tara nan gaba ka zuba shi a wajen gidan, kada ka ƙara masa bene, domin gwargwadon yadda sauran dukiya ta girma, haka giɓin ke raguwa. Matarka, idan tana da sana'a, tana iya sayen wani kaso na gidan daga hannunka, ciniki na gaskiya, da farashin kasuwa, kuɗin ya bi ta banki a ga shaidarsa. Cinikin da aka rubuta ba a biya ba kyauta ce da aka sa wa riga, kuma kotu na gane ta. Idan ginin zai yiwu a raba shi, ka raba tun yanzu, kowane sashe da ƙofarsa da mitarsa da banɗakinsa, yadda za a iya sayar da ɗaya ko a ba da shi haya ba tare da an tashi kowa ba. Idan kuma gidan ya fi ƙarfin lissafin, babu laifi ka sayar ka sayi ƙarami wanda rabonsu zai iya ɗauka. Ranar rabo, shari'a ta yarda magaji ya fita daga wata kadara a biya shi da wata ko da kuɗi, ko da kashi-kashi ne, idan ya yarda. Idan wani ya sayar da kasonsa ga bare kafin a raba, abokan tarayya suna da haƙƙin shufu'a, su biya farashin su karɓe, amma ba ta jiran wanda ya ji labari ya yi shiru.

Duk wannan yana buƙatar ka yi magana da manyan 'ya'yanka, kuma na san ita ce ta fi yi maka nauyi. Ka fara da biyan haƙƙin mahaifiyarsu, domin wanda aka ba nasa ya fi sauraro. Sannan ka tara su, maza da mata, ka nuna musu ƙimar da lissafin, ka ce musu burinka shi ne ƙannensu su girma a gidan, kowa kuma ya sami rabonsa cif. Ka sani alkawarin da suka yi maka kana da lafiya ba ya ɗaure su a shari'a, domin haƙƙin bai zama nasu ba tukuna, kuma ba mai yafe rabon ƙaramin yaro a madadinsa. Duk da haka a rubuta, a kafa shaidu. Ɗan da ya ji magana daga bakin ubansa gaban 'yan'uwansa, da wuya ya tashi daga baya ya ce matar uba ce ta ƙulla. Ita ma matarka ka gaya mata gaskiya: abin da shari'a ta tabbatar mata shi ne zaman takaba na wata huɗu da kwana goma a gidan mijinta, da tumuninta, da duk bashin da take binka. Saura sai da shiri da kyakkyawar mu'amala, kuma tana da rawar da za ta taka wajen gyara tsakaninta da 'ya'yan mijinta tun yanzu.

Wajen rubuta wasiyyar, ka haɗa malami da lauya, ka cika sharuɗɗan ɓangarorin biyu. A ƙasashen da suka gaji dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, dole ta zama a rubuce, ka sa hannu gaban shaidu biyu da ke wurin a lokaci guda, su ma su sa hannu a gabanka. Shaidan da aka yi wa wasiyya da wani abu, ko mijinsa ko matarsa, ya rasa abin, saboda haka kada ka sa uwar jikokinka ko wani mai amfana ya yi shaida. A wasu dokokin sabon aure yana rushe tsohuwar wasiyya. A tsarin Faransa kuma ana karɓar wadda mutum ya rubuta gaba ɗaya da hannunsa, da kwanan wata da sa hannu. Ka faɗa ƙarara cewa a raba abin da ya rage bisa shari'ar Musulunci, don a wurare da yawa ba a yin haka sai an rubuta. Tunda kana da ciwo, ka karɓi takardar likita a ranar, mai nuna hankalinka garau yake. Ka naɗa wasiyyai biyu, wato masu zartar da wasiyyarka, waɗanda ka girme su, ka nemi yardarsu tukuna. Ɗaya daga manyan 'ya'yanka da wani amintacce da ba ya cikin magada haɗi ne mai kyau. Uba yana da ikon naɗa wanda zai kula da dukiyar ƙananan 'ya'yansa, kuma uwarsu tana iya zama ɗaya daga ciki.

Akwai ƙananan abubuwa da ke jefa iyali cikin wahala tun makon farko. Banki na rufe asusu da zarar ya sami labarin rasuwa, takardar wakilci da ka ba wani tana mutuwa tare da kai, kuma cire kuɗi da katin mamaci cin haƙƙin magada ne. Don haka ka ba matarka kyautar abin da zai riƙe gidan wata shida, a asusunta, da sunanta, yanzu. Sunan da ka rubuta a takardar banki a matsayin makusancinka ba ya mai da shi mai kuɗin, amma a fansho da takaful, wato inshorar Musulunci, ana iya biyan wanda aka ambata kai tsaye, sai ka duba sunan wa ke can, mai yiwuwa har yanzu na marigayiya ne. Kasuwancinku da ƙanenka, tarayya tana warwarewa da mutuwar ɗaya, saboda haka ku rubuta kason kowa, da yadda za a kimanta shi, da tsawon lokacin da mai rai zai biya magadan ɗan'uwansa. Ka buɗe littafi guda na waɗanda kake bi da masu binka, da lambobin asusu, da inda takardu suke. Lambobin sirrin waya da banki kada su shiga wasiyya, don tana iya zama takardar da kowa zai karanta a kotu. Ka rufe su a ambulan dabam wurin wasiyyi. Ka sake duba komai duk shekara biyu, ko duk lokacin da aka yi haihuwa, aure ko rasuwa a gidan, domin mutum ɗaya ya ƙaru ko ya ragu, wancan lissafin na 240 ya canja gaba ɗaya.

A wannan makon abu biyu sun ishe ka: ka nemo mutumin da ya sayar maka da filin gidan a fara canja takardu, ka kuma zauna ka tuna nawa ne nauyin gwala-gwalan marigayiya da abin da kuka faɗa wa juna ranar da ta miƙa maka kuɗin. Idan akwai wanda ya halarci maganar yana raye, ka je ka same shi. Allah ya ƙara maka lafiya, ya haɗa kan zuriyarka.